Kashi na Goma Sha Ɗaya

Ɗari biyu na ba Hammayo a Tashar Dukku,
ya tura mini kashi sha shida a waya.
Ya ce, "Wannan sai kin yi kuka."
Na ce, kuka ai ina da shi a gida,
ba ni dai wanda ba nawa ba.

Yanzu ƙarfe ɗaya ta gota.
Ɗakin mata ya yi tsit, sai ƙugin fanka
da ruwan da aka ɗaura wa Inna,
ɗis, ɗis, kamar mai ƙirga bashi.
Na shimfiɗa tabarma a gindin gado,
na ja mayafi har ka,
kunne ɗaya na ba Koriya,
ɗayan na bar wa numfashinta.

A can ana ruwa.
Ruwansu ba ya cin gida,
ba ya yanka kwari ya tafi da katangar mutane
kamar yadda ya yi mana bara.
Sauka yake kawai don saurayi ya buɗe lema.
Ga shi nan tsaye, gashi ya rufe goshi,
wai mai kamfani ne,
amma ban ga aikin da yake ba
sai jiran 'yar mai sayar da taliya a bakin titi.
Mai fassara ya ara masa Hausar Kano,
ya ce, "Kin ci abinci kuwa?"
Na dubi kular da ban buɗe ba tun azahar.

Baban Walida ya kira da magariba.
Daƙiƙa arba'in.
"Ya mai jiki? Nawa suka ce?"
Ban ga laifinsa ba, yana kan hanyar Yola da siminti,
kuma kuɗin daga ƙugunsa za su fito.
Amma a can kashi goma aka yi
kafin hannu ya taɓa hannu.
Kashi goma!
Wa ke da wannan lokacin?
Shi nake saye da ɗari biyuna,
ba kyan fuskar ba, ba dusar ƙanƙarar ba,
lokacin da ba a tambayar kowa rasit.

Na sani ƙarya ce.
Wanda ya sha maganin barci
ai ya san ba warkewa ya saya ba.

Sista Rifkatu ta zo duba ruwa,
ta leƙa, ta ce, "Au, nan kike? Ai uwarsa ce za ta..."
Na ce, don girman Allah, Sista!
Ta toshe baki, ta fita tana dariya.

Sai na ji yatsa a kafaɗata, mara nauyi kamar kara.
Ashe Inna ta daɗe da farkawa.
"Yaron nan," in ji ta, "ya faɗa mata ne?"
Na ce, tukuna.
"Sakarai. Miƙo abin kunnen."

Kwana tara ba ta nemi komai ba,
ko kunu sai da lallashi.
Na hau gefen gado, muka raba waya biyu,
lema ɗaya, mu huɗu a ƙarƙashi.

Can ta ce, "Ubanki ma haka ya yi a Kumo.
Damina guda yana wuce ƙofarmu da keke,
kacarsa ba ta taɓa zubewa ba sai a nan."
Ban taɓa jin wannan ba.
Shekara bakwai da rasuwarsa.

Caji ya ce saura uku.
Saurayi ya buɗe baki, kiɗa ya tashi,
yarinya ta ɗago ido,
waya ta mutu.

A baƙin gilashin fuska biyu suka rage,
tawa da tata, haɓa iri ɗaya.
Ta ce, "Gobe ki nemo caja wajen Rifkatu."

Gobe, ta ce.
Da bakinta.